Shingen Da Ba A Wucewa

Na sauka a Inugu ranar Lahadi da la'asar, ana yayyafi, da jaka ɗaya rataye a ƙirjina. Ban yarda na goya ta a baya ba, domin laftof ɗina yana ciki, a cikinsa kuma akwai aikin shekara uku.

Wasan kwamfuta ne, na sa masa suna Hanyar Kurmi. Mai wasa shi ne direban tirela, ya ɗauko shanu daga kasuwar Wudil zai kai Fatakwal. Sai ya lura da mai, da ramuka, da gadoji, da inda zai tsaya ya tayar da saniyar da ta faɗi kafin sauran su tattake ta. Ni na rubuta shi a ɗakina a Wudil, wani abokina Mudi, wanda ban taɓa gani ido da ido ba, ya yi zane-zanen daga Anaca. Ba kamfanin kowa a bayanmu. Mun tura shi wani biki da ake yi a Fatakwal don masu ƙirƙirar wasanni irinmu, suka rubuto cewa yana cikin waɗanda za su yi takarar kyautar labari mafi kyau, mu zo mu baje shi ranar Asabar.

Hanyar ba ni na ƙirƙire ta ba. Mahaifina, Sale Direba, ita ya yi ta bi har ta zama ajalinsa. Ina aji biyu a sakandare aka tare shi kusa da Inugu lokacin wani rikici, aka ƙona motar. Iyakar abin da ya iso mana gida ke nan. Garuruwan da gadojin da ke cikin wasan duk daga hirarsa na samo su. A matakin ƙarshe na sa wani shinge da mutane marasa fuska a tsaye, kuma duk dabarar da mai wasa ya yi, a nan yake ƙarewa. Ban san abin da zan sa bayan shingen ba, sai na bar shi haka.

A unguwar Asata na nemi Liman Garba, wanda mahaifina yake sauka a wurinsa. Na same shi a ƙofar wani ƙaramin masallaci da ke matse tsakanin shagon walda da gidan haya, dattijo siriri, gemu fari fat. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi damina, ya tambayi hanya, sannan ya tsura mini ido.

"Ko ba ka faɗa ba, goshin Sale ne wannan. Ina ka nufa?"

"Anaca, Allah gafarta Malam. Gobe da sassafe."

"Gobe Litinin. Ba inda za ka. 'Yan aware sun sa dokar zaman gida, ko kaza ba ta tsallaka titi a garin nan ran Litinin."

Haka kuwa aka yi. Gari ya waye tsit. Na leƙa ta ƙofar masallaci, titin da jiya ba wurin sa ƙafa babu kowa, shaguna duk a garƙame. 'Yan ƙwadagon arewa da ke kwana a farfajiyar masallacin, masu tura baro da masu gyaran takalmi, suna zaune jugum-jugum, kowa da wayarsa a hannu, ana magana ƙasa-ƙasa. Da hantsi wani babur ya wuce da gudu, sai na ga duk sun miƙe tsaye lokaci guda, ba su zauna ba sai da ƙararsa ta ɓace.

Don in rage zaman, na buɗe laftof na nuna wa Liman wasan. Ya sa tabarau yana kallo. Da tirelar ta hau gadar Makurɗi ya yi murmushi. Da ta iso shingen, allon ya yi baƙi, sai ya cire tabaran ya riƙe a hannu.

"Wa ya ba ka labarin wurin nan?"

"Ba kowa. Shi ya sa ya tsaya nan."

Ya naɗe tabaran ya sa a aljihu. Sannan ya ce, "Ni na yi wa Sale wanka, ni na sallace shi. Wanda suke tuƙi tare shi ya kawo mana labari. Da aka tare su, an ce su sauka su gudu, kuma sun gudu, har sun shiga daji. Sai Sale ya waiwaya ya ga an cinna wa kan motar wuta, shanu na ta kuka a baya. Ya ce da abokinsa ya ci gaba. Ya koma ya zare sakatar ƙofar baya. Shanun sun fita. Shi ne bai samu dawowa ba."

Na tambaye shi me ya sa ba a gaya mana ba.

"Na gaya wa mahaifiyarka. Ita ta ce kada yara su ji, kada su taso suna cewa ubansu ya zaɓi shanun mutane ya bar su."

Da safiyar Talata ya kai ni maƙabartar Hausawa. Ciyawa ta rufe ko'ina, ya nuna mini wani wuri kusa da bishiyar kashu ya ce tsakanin nan da nan ne, ba zai rantse ba. Muka yi addu'a. Da zai sa ni a keke napep zuwa tasha ya cire hular kaina ya cusa mini a aljihu.

"Wannan sai ka isa. Abin nan naka kuma kada ka buɗe shi a hanya. Kai wasa kake gani. Wani taswira zai gani."

A Anaca Mudi ya tare ni a tasha. A raina dogo ne mai shiru-shiru, sai ga wani gajere mai faɗin kafaɗa yana ɗaga mini hannu yana ihu, "Auwalu! Na you be this?" A nan aka haife shi, Hausarsa tana tafe tana tuntuɓe da buroka, Ibo kuwa kamar a bakinsa aka ƙirƙire shi. Yana da ɗan teburin gyaran waya a bakin Kasuwar Ochanja. Ya ja ni ta cikin kasuwar, tsakanin buhunan albasa da masu baro suna ta ihu a kauce, taɓo har idon sawu, muka ɓulla unguwarsu. Mahaifiyarsa ta yi mini tuwon masara da miyar kuka. Loma ɗaya na yi na ajiye hannu, don kwana uku ke nan ina amsa kiran tawa mahaifiyar ina ce mata ina Abuja wurin taro.

Na ba Mudi labarin Liman. Ya ajiye cokali ya ce, "Guy, ai ƙarshen wasan ke nan."

Kwana biyu muka yi a ɗakinsa, ba wuta, sai ɗan janareton maƙwabci. Ya zana sakata, ya zana shanu suna tsalle daga bayan mota suna shiga daji. Ni kuma na shirya yadda idan mai wasa ya iso shingen zai iya tsayawa, ya sauka, ya zagaya baya. Ba mu sa wata alama da za ta nuna masa ba, sai wanda ya yi tunanin hakan da kansa. Muka gama ranar Alhamis da yamma. Na so in tura sabon aikin ta intanet don ajiya, sabis ya ƙi, ya kai rabi ya katse har sau uku. Na kwafa a filashi na jefa a jakar laftof ɗin, na ce idan mun isa Fatakwal ma tura.

Ranar Juma'a tun ƙarfe bakwai muna tasha. Wani ɗan kamasho ya kama hannuna ya ja mu zuwa wata bas da ta kusa cika, ya ce mutum biyu kawai ake jira. Muka yanki tikiti muka zauna. Bayan ɗan lokaci sai na ga mutumin gabana ya sauka kamar zai sayi ruwa, bai dawo ba. Wani ma ya bi bayansa. Mudi ya dafe kai.

"Sun ci mu. Waɗannan ba fasinjoji ba ne, zaunar da su ake yi don a ga mota ta cika. Ni ɗan garin nan aka yi wa haka!"

Ba a mayar da tikiti. Ba mu tashi ba sai bayan azahar. Kusa da ni wata mata ce mai jiki, ta kai sa'ar mahaifiyata, da kwandon busasshen kifi a cinya. Ba ta jin Hausa, ba na jin Ibo. Ta ɓare ayaba ta miƙo mini ɗaya, na karɓa, ta gyaɗa kai, iyakar hirarmu ke nan.

Mun yi kamar awa ɗaya da rabi a hanyar Owerri sai muka fara cin karo da motoci suna juyowa, suna kunna mana fitila. Direbanmu ya tsaya ya yi magana da wani, ya dawo bai ce wa kowa komai ba, ya karya kan mota ya shiga wata hanyar ƙauye. Kwalta ta ƙare. Bishiyoyin kwakwar manja suka haɗe a samanmu har cikin motar ya yi duhu da rana tsaka. Muka wuce wani ƙauye, ƙofofi a rufe, akuya ɗaya a bakin coci. Wanda ke wa'azi a bayan mota tun daga Anaca ya yi shiru.

Shingen gungumen itace ne da duro biyu. Mutum shida, ba kayan sarki, biyu da bindiga.

Aka ce kowa ya sauka. Suna bi suna duba fuska, suna jefa wa kowa tambaya da Ibo. Mudi ya amsa har da ɗan raha, aka tura shi gefen waɗanda suka wuce. Da aka zo kaina na buɗe baki na ce ina zuwa Fatakwal. Kalma uku na yi da Turanci, suka isa.

"Aboki," in ji wani mai rigar ƙwallo, da alama shi ne babbansu. Ba zai girme ni da yawa ba. Ya nuna mini wancan gefen titi, ni kaɗai.

Mudi ya riga ya tsira. Ina kallonsa ya tsaya, ya dubi ƙasa, sannan ya tako ya tsallako ya tsaya kusa da ni. Ya gaya musu tare muke.

Suka zazzage jakar. Mai rigar ƙwallo ya ce in kunna laftof, in cire lambar sirrinsa, in cire ta wayata ma. Na yi. Abin da ya fara bayyana shi ne shafin da na bari a buɗe daren Alhamis, taswirar aikin, hanyoyin daga Makurɗi har Fatakwal, kowace gada da ɗigon ja, kowane shinge da alamar giciye.

Suka taru a kan allon. Wani ya faɗi wata kalma, na ga fuskar Mudi ta canja. Daga baya Mudi ya gaya mini ɗan leƙen asiri mutumin ya kira ni. Wani ya buge ni a bayan gwiwa na zube a taɓo. Mudi yana ta magana da Ibo da sauri, a ciki ina jin yana maimaita, "Na game! Na game!" Wani ya ce da direba ya kwashi mutanensa ya tafi.

Sai matar nan mai kifi ta ajiye kwandonta a tsakiyar hanya, gaban motar, ta zauna daɓas a cikin taɓo. Ta fara yi musu faɗa, tana nuna su ɗaya-ɗaya da yatsa. Mudi ya ce ce musu take yi ta haifi kamarsu, kuma motar nan sai dai ta bi ta kanta idan za a tafi a bar ɗan mutane a daji. Ban san sunanta ba har yau.

Mai rigar ƙwallo ya dube ta, ya dube ni. Ya miƙa wa na kusa da shi bindigarsa, ya hau kan duro ya zauna, ya ɗora laftof a cinya. Ya ce idan wasa ne in nuna masa.

Ina durƙushe a taɓo na nuna masa maɓallan, wannan tafiya, wannan birki, wannan hon. Sai da wasan ya buɗe na tuna inda muka tsaya da gwaji. Matakin ƙarshe ne. Daga nan zuwa shingen bai fi tafiyar minti biyar ba, kuma a shingen Mudi ya zana gungumen itace da duro.

Ya fara tuƙi. Ya faɗa rami, saniya ta faɗi, ya yi dariya ya kira abokansa su gani. Na nuna masa yadda ake tayar da ita. Ya iya wasa, hannunsa ya saba. Tirelar ta wuce gidan mai, ta wuce kasuwar bakin hanya, ta shiga kwanar da na sani. Bayan kwanar akwai gangara, bayan gangarar sai shingen. Na dubi Mudi, na ga leɓensa na motsi.

Ruwa ya sauko. Ba yayyafi ba, ruwan kudu mai zuwa gaba ɗaya. Ya rufe laftof ɗin da sauri ya cusa a ƙarƙashin rigarsa.

"This one go stay," in ji shi. Ya tattara kayana ya mayar a jakar har da filashin, ya rataya ta, ya sa wayata a aljihu, ya yi wa direba alama da hannu.

Muka koma mota, har da ni, muka kama hanyar Fatakwal. Matar ta sauka kafin mu, zaninta duk taɓo, na ce mata na gode da duk yaren da na sani. Ta ɗaga mini hannu ba ta ko waiwayo ba. Muka isa unguwar Rumuokoro a Fatakwal da magariba, ladanin masallacin 'yan kasuwa ya ba mu tabarma da ruwan wanka, wani mai shayi ya ba ni aron riga.

Bikin a babban zauren wani otal aka yi. Sanyin na'ura, fitilu kala-kala, samari da 'yan mata daga Legas da Abuja har da ƙasashen maƙwabta, kowa da teburinsa da allonsa. Akwai wasan mai sayar da abinci a cunkoson motoci, akwai na wata yarinya mai yaƙi da dodannin ruwa. Ana ta dariya, ana ɗaukar hoto. Ni ina tsaye da rigar aro, duk wanda ya matso ta bayana sai in zabura. Wata daga cikin masu shirya bikin, Ibiso, ta saurari labarinmu, ta rufe baki da hannu, ta nemo mana wata tsohuwar kwamfuta ta sa mana kwafin da muka turo tun farko, wanda ba shi da sabon ƙarshen.

Mutane sun yi wasan, sun so shi. Amma kowa ya iso shingen sai allo ya yi baƙi, ya sake gwadawa, ya sake, ya ɗaga kafaɗa ya wuce tebur na gaba. Ɗaya daga cikin alƙalan, wani mai furfura da ya yi aikin wasanni a ƙasar waje, ya daɗe a wurinmu. Da ya tashi ya ce labarin ya kama shi, amma wasan ba shi da ƙarshe. Na fara yi masa bayanin sakata da shanu, Turancina ya watse, sai na ji kamar ina kare kaina a gaban wasu mutane daban. Ya dafa kafaɗata ya ce mu dawo baɗi.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka zauna rabon kyaututtuka. Ana cikin kiran sunaye wayar Mudi ta yi ƙara. Ya duba, ya juyo mini da allon. Sunana ne a jiki.

Muka fita baranda. Ya danna ya sa a lasifika.

"Aboki." Muryar mai rigar ƙwallo ce. Bayansa ana jin kukan kaji da ƙarar janareto. Da buroka ya yi magana, a hankali, ba faɗa. Ya ce ya iso wani wuri, akwai itace da duro da mutane, ya gwada fiye da sau ashirin, ya taka mota, ya ja da baya, ya yi hon, kullum sai wuta. Ya ce in gaya masa yadda ake wucewa.

Mudi ya girgiza mini kai, yana nufin in kashe. Na ce, "Ka tsaya da motar. Ka sauka. Ka zagaya baya, akwai sakata, ka zare ta."

Muka ji ƙarar maɓallai. A cikin zaure aka yi tafi, an kira waɗanda suka ci kyautar labari, ba mu ba ne. Ta wayar na ji kukan shanun da ni da kaina na ɗauko a kasuwar Wudil, na ji ƙarar kofatonsu.

Ya ce shanun sun fita. Ya ce direban fa?

Na ce direban ba ya wucewa.

Ya tambaya ko akwai wata hanyar. Na ce babu. Ya tambaya wa ya ba ni wannan labari. Na ce babana ne direban.

Sannan ya ce idan za mu koma mu biyo ta hanyar nan, mu tambayi mai rigar ƙwallo, in karɓi kayana. Ya kashe.

Mudi ya ce, "Kada ma ka fara." Ladanin Rumuokoro da muka ba shi labari ya ce idan na koma hanyar nan ba da yawunsa ba. Muka zauna Litinin a masallaci, ran Talata na bi ayarin motocin 'yan albasa ta Aba, Mudi ya koma Anaca ta babbar hanya.

Bayan mako uku, ina shirin zuwa a rufe mini tsohon layin, na roƙi Mudi ya kira lambar sau ɗaya. Da yamma ya neme ni a wayar ƙanwata.

"Wata tsohuwa ce ta ɗauka," in ji shi. "Uwar mai rigar ƙwallo. Ta ce ya fita kwana huɗu ke nan bai dawo ba, ya bar wayar a gida. Kwamfutar ma tana nan, ya naɗe ta a zani ya sa a ƙarƙashin gado, ya ce mata akwai mai zuwa karɓa. Tambayata take yi ko mun gan shi."

"Me ka ce mata?"

"Na ce ba mu gan shi ba. Ta ce don Allah in sake kira gobe, ko ya dawo."

"Kada ka je, Mudi."

"Dama ba zan je ba. Amma zan kira."

Ya kira washegari, ya kira kashegarinsa, amsar ɗaya ce, kullum muryar tsohuwar tana ƙara dushewa. A rana ta biyar wayar ta daina shiga.